Tsarin abincin jami'a a Amurka: wanne ya dace da ɗalibinmu?

Duk ɗalibin da ya samu gurbin karatu a wata jami'a ta Amurka, tun kafin ya hau jirgi za a turo masa fom na zaɓen ɗakin kwana, kuma a jikin fom ɗin akwai wurin zaɓen tsarin abinci. A nan iyaye suka fi yin gaggawa. Uba ya ga jerin farashi, ya tuna ɗansa zai tafi ƙasar da ba shi da kowa, sai ya ce a danna mafi tsada kada yaro ya zauna da yunwa. Wani kuma ya auna dala da naira, ya ce a danna mafi araha, ai yarinyar ta iya girki. Dukansu da kyakkyawar niyya suka yi, amma babu wanda ya tsaya ya ƙirga sau nawa yaron zai zauna ya ci abinci a kafiteriyar nan a zahiri, alhali a kan wannan ƙirgar zaɓin ya rataya.

Kuɗin ba na wasa ba ne. A 2017 kafar Hechinger Report, mai bin harkar ilimi a Amurka, ta ƙiyasta cewa jami'o'i suna karɓar kusan dala 4,500 a shekarar karatu don ciyar da ɗalibi sau uku a rana, wato dala 18.75 kowace rana, kuma daga lokacin zuwa yau farashi ya hau. Namu yaran suna da yawa a can: rahoton Open Doors, mai ƙirga ɗaliban ƙasashen waje a Amurka, ya nuna a shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya 20,029 ne ke karatu a Amurka, sun fi na kowace ƙasa ta Afirka yawa.

Ban ga laifin iyayen da abin ya zo musu baƙo ba, don tikitin abinci ya daɗe da ɓacewa a jami'o'in gwamnati na Najeriya. Waɗanda suka yi Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 sun san shi. Ƙarin kuɗin abinci da masauki ne ma ya tayar da zanga-zangar Ali Must Go a watan Afrilun 1978, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilimi na tarayya, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyarwar. Tun daga nan ɗalibin Samaru ko na Bayero abin da ya sani shi ne risho, da kwanon shinkafa da wake daga gida, da mai shayi a bakin hostal. Wannan iya zaman yana da amfani a Amurka, sai dai hostal ɗin can ba zai bar ka ka yi shi yadda ka saba ba.

Yadda abin yake tafiya

Ana biyan kuɗin tun farkon zango, tare da na makaranta da na ɗaki, sai a ɗora shi a katin shaidar ɗalibi. In ka je ƙofar ɗakin cin abinci ka goga katin, an cire maka shiga ɗaya. A ciki ka ci iya cikinka, babu mai ƙirga maka faranti, amma galibi ba a fita da abinci waje. Yawancin tsare-tsaren suna zuwa da wani ɗan kuɗi daban a katin, na sayen shayi, kofi da sanwici a ƙananan shagunan cikin makaranta. Jami'o'i da yawa ba su ke girkin da kansu ba, kwangila suke ba manyan kamfanoni irin su Sodexo na Faransa, Aramark na Amurka da Compass na Ingila. A yawancin makarantu kuma, ɗan aji ɗaya da ke kwana a hostal ba a tambayarsa ko yana so. Dole ne ya saya, abin da aka bar masa kawai shi ne wane iri.

Akwai tsari mara iyaka, wanda za ka shiga ko sau nawa ne a rana, kuma shi ya fi tsada. Yana yi wa ɗan wasan da ke atisaye safe da yamma daidai, haka ɗalibin da ɗakinsa ke daf da kafiteriya kuma yake cin duk abin da aka dafa. Namu ɗaliban da suka cika waɗannan sharuɗɗa ba su da yawa.

Sai tsarin mako, wanda ake sayarwa da lamba: 19, 14 ko 10. Lambar 19 ta fito ne daga ci uku a ranakun aiki biyar, da ci biyu-biyu ranar Asabar da Lahadi, don a ƙarshen mako haɗa karin kumallo da abincin rana suke yi wajen hantsi. Wannan tsari kamar datar waya ta mako yake: ranar da wa'adi ya cika, abin da ba ka yi amfani da shi ba ya tafi, sabon mako sabon lissafi. Alherinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: ɗalibin da ba ya iya riƙe kansa ba zai cinye rabonsa a wata biyu ya ƙarasa zango da yunwa ba.

Na uku shi ne na jimla. Ana ba ka adadin shiga na zango gaba ɗaya, 100 ko 150 ko 200, ka kashe yadda kake so, yau uku, gobe ɗaya, jibi babu. A makarantu da dama har baƙo za ka iya gogawa. Kowace shiga takan ɗan fi ta tsarin mako tsada a takarda, amma ba ta mutuwa sai ƙarshen zango. Akwai kuma tsarin kuɗi zalla, inda ake cire farashin abin da ka ɗauka kawai, sai dai ba kasafai ake ba ɗan aji ɗaya shi ba.

Lissafin da ba a rubuta a fom ba

Mu ɗauki misali da alƙaluman da na ƙago don sauƙin lissafi, kowa ya musanya su da na makarantarsa. Zango mako 15 ne. A ce tsarin 19 yana kan dala 2,850. Shiga 285 ke nan, kowace dala 10. A ce na jimla mai shiga 150 yana kan dala 2,100, kowace dala 14. Duk wanda ya kalli wannan zai ce na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba.

To amma ɗalibi ba ya cin 19. Mai lacca ƙarfe takwas na safe a watan Janairu, ga dusar ƙanƙara a ƙofa, shayi zai haɗa a ɗaki ya fita. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci akwai inda ake raba abinci. Wata rana ajinsa yana can wancan gefen makaranta, tsakanin lacca da lacca minti ashirin ne. A ce yana cin 12 a mako. Shiga 180 ke nan a zango, sai dala 2,850 ta koma kusan dala 16 kowane ci. Arahar ta tafi.

Yanzu sa azumi a ciki. Ramadan na waɗannan shekarun yana faɗowa ne a cikin zango na biyu, wanda ke farawa a Janairu ya ƙare a farkon Mayu: a 2027 zai kama wajen 8 ga Fabrairu, a 2028 wajen ƙarshen Janairu. Da yake lokacin sanyi ne rana na faɗuwa da wuri, buɗa-baki yana riskar kafiteriya a buɗe, amma sahur babu wadda ke buɗewa da asuba sai inda aka yi tanadi na musamman. Ke nan mako huɗu ɗalibi yana shiga sau 7 kacal. Mako 11 sau 12, da mako 4 sau 7, ya ba da 160. Mai tsarin 19 ya biya dala 2,850 a kan ci 160, kusan dala 18 kowane ɗaya. Mai na jimla ya biya dala 2,100, ya ƙara sayen ci 10 a ƙofa, a ce dala 13 kowane, duka dala 2,230. Tsakaninsu dala 620, a zango ɗaya, alhali abincin da ya shiga cikinsu iri ɗaya ne. Mai azumin Litinin da Alhamis ya ƙara rage nasa lissafin.

Wannan ne dalilin da ya sa, in makaranta ta yarda, na fi karkata ga tsarin jimla matsakaici ga ɗalibi Musulmi. Rayuwarsa ba ta tafiya daidai-wa-daida mako bayan mako, tsarin mako kuwa an gina shi ne a kan cewa tana tafiya haka.

Abin da zai iya ci a ciki

Adadin shiga ba shi da amfani in abin da ke kan teburin ba naka ba ne. Naman alade ya mamaye karin kumallon Amurka: bekon, sosej, ham. Feferonin da ke kan fiza yawanci da alade a ciki. Jelatin da ake sa wa a alewa da wasu kayan zaƙi sau da yawa daga alade ake samo shi, wasu miyoyin kuma da giya ake haɗa su. Akwai kuma cokali ɗaya da ke yawo daga wannan tire zuwa wancan. Game da kaza da naman shanun da ba Musulmi ne ya yanka ba, malamai sun yi saɓani, kuma ya kamata ɗalibi ya zauna da malaminsa tun yana gida ya san matsayinsa, don amsar tana canza lissafin kuɗi ƙwarai. Wanda ba zai ci sai yankan Musulmi ba, a makarantar da ba ta da sashen halal, kifi da ƙwai da ganye zai yi ta ci, kuma babu dalilin da zai sa ya biya farashin mara iyaka a kansu.

Kada a tsaya ga kalmar halal da aka rubuta a shafin makaranta. A tambaya a wane ɗakin cin abinci ake ba da shi, don babbar jami'a tana iya samun biyar ko fiye, halal ɗin kuma a guda ɗaya mai nisa da hostal ɗinka. A tambaya kullum ne ko wasu ranaku, rana da dare ko dare kawai, kuma wa ke tantance naman. A tambaya ko ana ba da ƙunshin sahur a azumi, kuma shiga nawa ake cirewa a kansa. Waɗanda za su faɗa maka gaskiya su ne 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSA, wadda aka kafa a 1963 a Jami'ar Illinois kuma take da rassa a makarantu masu yawa. Saƙo ɗaya zuwa gare su kafin a cike fom ya fi awa guda na karanta tallar makaranta.

Ko ɗalibi ba Musulmi ba ne, akwai maganar baki. Cuku yana cikin kusan komai, yaji kuma kamar babu. Makonnin farko mutum yakan tashi daga tebur ciki cike amma rai bai gamsu ba. Dabarar da ke aiki ita ce a daina bin abincin da aka haɗa, a riƙa haɗa nasa. Ka ɗebi farar shinkafa a wannan layi, ka je wajen kayan salak ka ɗebi dafaffen wake, yankakkiyar albasa, tumatir da kokwamba, ka tsiyaya man zaitun, ka fasa dafaffen ƙwai, sannan ka zaro 'yar kwalbar yajin da ka zo da ita daga gida ka barbaɗa. Garau-garau ke nan a tsakiyar jihar Ohio ta Amurka, kuma ana iya yin sa kullum.

Mai fama da ciwon suga, gyambon ciki ko wani abincin da jikinsa ba ya karɓa, ya tafi da takardar likita. Tun bayan yarjejeniyar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta yi da Jami'ar Lesley a 2012 kan ɗaliban da aka tilasta wa sayen tsarin abincin da ba za su iya ci ba, makarantu sun san wajibi ne su saurari irin wannan buƙata, ko su tanadi abin da ya dace ko su sassauta tilascin. Ofishin kula da masu buƙata ta musamman ake zuwa, ba wajen mai karɓar kati ba.

Girki a ɗaki

Uban da ya ce ai ta iya girki yana tunanin hostal ɗin gida ne. A can, risho da gas da kyandir da hotfilet duk haramun ne a ɗakin kwana, haka duk abin da ke da buɗaɗɗiyar waya mai ja. Abin da aka fi bari shi ne ƙaramin firiji da maikurowef, su ma da iyakar girma da ƙarfin wuta. Butar lantarki da tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, wata makaranta ta yarda, wata ta hana, sai an duba dokar hostal ɗin. Na'urar jin hayaƙi tana rufin kowane ɗaki. Soya albasa ɗaya zai iya fitar da bene guda waje cikin sanyi, kuma rufe na'urar da leda laifi ne babba. Kada a ɗauko kayan wuta daga gida: wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, butar Kano ba za ta yi aikin kirki a can ba.

Wasu hostal suna da kicin ɗaya na kowa da kowa a ƙasa ko a kowane bene. In akwai shi, rayuwa ta yi sauƙi: ranar Lahadi a yi tukunyar miya ɗaya, a raba a ƙananan robobi. In babu, girkin gaske ba zai yiwu ba, kuma wanda ya sayi ƙaramin tsari da niyyar girki zai ƙare ne a taliyar leda da odar abinci ta waya, wadda ta fi kowace kafiteriya tsada in aka haɗa kuɗin kawowa da na goro. Saboda haka tambayar kicin tana gaba da zaɓen tsari.

Firijin ɗaki ƙarami ne, don haka a kiyaye ƙa'idar da hukumar noma ta Amurka ke bayarwa: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, sanyin firiji ya kasance digiri 4 na ma'aunin Celsius ko ƙasa, ragowa a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, in za a ɗumama a ɗumama har ya yi zafi sosai. Shinkafa ce ta fi yaudara. In ta kwana a tebur, wata ƙwayar cuta tana barin guba a cikinta wadda ɗumame ba ya kashewa, ɗakunan can kuwa da ɗumi suke ko da sanyi, saboda na'urar ɗumama gini. Sannan a tausaya wa abokin ɗaki: daddawa da busasshen kifi a rufe su a kwalba mai murfi, a kuma yi magana tun ranar farko kan wane ɓangaren firiji ne na wa.

Game da tsaraba daga gida, kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka, haka duk wani nama, har da dunƙulen ɗanɗano mai nama a ciki. Shinkafa ma a bar ta, ana hana ta saboda ƙwaro, kuma tana da araha a can. Yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa da garin kunu galibi suna wucewa, amma dole a bayyana duk abincin da ke jaka ga jami'an kwastan. Wanda ya bayyana, iyakaci a karɓe abin da bai halatta ba. Wanda ya ɓoye, tarar ɗaruruwan daloli ce, ga shi da bizar ɗalibi da bai kamata a ɓata ba. Sauran kaya akwai su a can in an san inda za a duba: shagunan Indiyawa da Pakistan suna da garin gero, tsamiya da naman halal, na 'yan Meziko suna da zoɓo da attaruhu, manyan kantunan Walmart da Aldi suna da farin wake, alayyafo, daskararriyar kuɓewa da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba, wadda in ba a sa mata suga ba take yin miya lafiya lau.

Akwai ramin da kowane tsari yake da shi, wato hutu. Hutun godiya na Alhamis ta huɗu a Nuwamba, dogon hutun sanyi daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, da hutun mako guda a Maris: 'yan ƙasa suna tafiya gida, kafiteriya ta rufe ko ta rage aiki, kuma galibi kuɗin da aka biya bai haɗa da waɗannan ranaku ba. Ɗalibin da ya zo daga Katsina ko Maraɗi shi ke saura a ginin. Iyayen da suka zuba duk kuɗin abinci a tsari mafi tsada suna ganin sun gama, sun bar yaro da makonni da dama babu tanadi. Wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukar matsakaici a ajiye ragowar a asusunsa.

In kuɗi ya yanke a tsakiyar zango, kada ɗalibi ya yi shiru don kunya. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka, GAO, ya ce a 2020 kusan kashi 23 cikin 100 na ɗaliban kwaleji sun yi fama da rashin isasshen abinci, don haka makarantu da yawa suna da ɗakin kayan abinci kyauta, wasu kuma suna da shirin da ɗalibai ke ba da ragowar shigarsu ga mabuƙata, irin wanda ƙungiyar Swipe Out Hunger ta faro a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles a 2010. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya cikin masu samun tallafin abinci na gwamnati, amma an yarda ya yi aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu, kuma aikin kafiteriya a wurare da yawa yana zuwa da ci ɗaya kyauta a ranar aiki.

Ga ɗan aji ɗaya, shawarata ita ce ci ɗaya zuwa biyu na zafi a kafiteriya kullum, karin kumallo a ɗaki da shayi, burodi, ƙwai da kunu. Wannan yana faɗawa ne tsakanin shiga 150 da 200 a zango, ko 10 zuwa 14 a mako in babu na jimla. Ban so a yi ƙasa da haka a zangon farko ko da akwai kicin, don a teburin cin abinci ake yin abokai, kuma yaron da ke cin abinci shi kaɗai a ɗaki kullum a ƙasar da ba tasa ba, kewa tana saurin kama shi. Daga shekara ta biyu, in ya koma gidan haya mai kicin, lissafi ya juye: girki ya fi araha sosai, ƙaramin tsari na ranakun da lacca ta yi yawa ya wadatar.

Yawancin makarantu suna ba da damar rage tsari a mako ɗaya ko biyu na farkon zango, bayan nan sai dai ƙari. Ɗalibi ya nemi ranar rufewar tun ranar da ya iso, ya riƙa rubuta duk shigar da ya yi a wayarsa, sannan kwana biyu kafin a rufe ya ninka abin da ya samu da makonnin zango. Makon farko yakan ɗan ruɗar, don ana raba abinci kyauta a tarukan maraba da sababbin ɗalibai, saboda haka ranakun da aka fara lacca sosai su ne abin dogaro. Ya kuma tambayi ko ragowar kuɗin kati yana tsallakawa daga zangon farko zuwa na biyu, don a makarantu da yawa yana tsallakawa a Janairu amma yana mutuwa a Mayu.